Waya ɗaya, saƙo biyu: Abin da wayar dish ta koya mini

Yayana yana da gidan kallon ƙwallo a unguwarmu. Rumfar kwano ce mai 'yan benci da talabijin biyu, amma daga cikinta ake biyan kuɗin makarantar ƙannenmu. A ƙarshen daminar bara, wata Asabar da yamma, ana saura minti ashirin a take wasa, sai tashar da za ta nuna wasan ta ɗauke. Abin da ya ɗaure mana kai shi ne wasu tashoshin suna fitowa tar, wasu kuwa sun ɓace gaba ɗaya. Yaya ya kashe risiba ya kunna, ya jijjiga waya, ya leƙa ya ga ko iska ta juya kwanon dish. Babu abin da ya canza. Daren nan sai da ya mayar wa kowa kuɗinsa, 'yan kallo suka watse zuwa wata rumfar.

Washegari ya tafi kasuwa ya sayo sabuwar risiba da kuɗin da ya ware don wani abu daban. Aka haɗa, tashoshin ba su dawo ba. Sai a lokacin ya kira wani dattijo mai haɗa dish.

“Baba, ina jin kwanon ne ya lalace,” in ji Yaya.

“Ɗana, kada ka ƙara sayen komai. Bari mu tambayi waya tukuna,” in ji shi.

Ya auna wutar da ke fita daga bayan risiba, ya samu bolt 18. Ya hau sama ya saka ƙaramar mitarsa tsakanin waya da na'urar da ke gaban kwanon, sai ya ga abin da ke isowa ya ragu sosai. Da ya kwance kan wayar, jan ƙarfen da ke ciki ya yi baƙi-baƙi da kore, ruwan sama ya daɗe yana shiga. Ya yanke wajen da ya ruɓe, ya sa sabon kai, ya naɗe shi da tef. Kafin ya sauko tashoshi sun dawo, kuma da aka mayar da tsohuwar risiba ita ma ta yi aiki lafiya lau.

Da na tambaye shi abin da ya faru, sai ya ce: “Risibarku tana magana, ta saman ce ba ta jin ta da kyau.” Na yi shiru, domin a sanina hoto kawai waya ke saukowa da shi daga sama. Ashe akwai saƙon da ke hawa. Wannan maganar ce ta sa na bi diddigin wayar nan, kuma abin da na gano nake son mu duba tare.

Me ke cikin wayar?

Sunanta kowaksiyal, ma'ana waya mai sassa biyu da suka haɗa cibiya ɗaya. Idan kuka samu guntuwarta da aka yar, ku fere ta a hankali za ku ga hawa huɗu. A tsakiya akwai tsinken jan ƙarfe guda ɗaya. A kewaye da shi akwai farar roba, wani lokaci mai taushi kamar soso. Sai saƙar siraran wayoyi kamar raga, galibi da takardar alminiyam a ƙarƙashinta. Daga waje kuma sai rigar roba, baƙa ko fara.

Kun karanta a darasin Fiziks cewa lantarki na buƙatar hanyar zuwa da ta dawowa. Tsinken tsakiya da ragar nan su ne hanyoyin biyu. Ragar tana da wani aikin kuma: tana tsare saƙon da ke ciki kada ya tsiyaye, tana hana hayaniyar lantarki ta waje, irin ta janareta ko injin walda, shiga ciki. Farar robar tana raba su, tana kuma riƙe tazarar da ke tsakaninsu daidai tun daga farkon waya har ƙarshenta.

Tazarar nan tana da muhimmanci. Kaurin tsinken da faɗin ragar da irin robar da ke tsakani su ke ba waya wani hali da ake aunawa da om. Wayar talabijin da dish, irin wadda ake kira RG-6, om 75 ce. Wadda aka yi amfani da ita wajen haɗa kwamfutoci a da, irin RG-58, om 50 ce. Idan aka matse waya da ƙusa har ta baje, ko aka lanƙwasa ta sosai a bakin ƙofa, halin nan yana canzawa a wajen, sai wani ɓangare na saƙon ya juya baya maimakon ya wuce.

Dabarar ta tsufa. Wani masani ɗan Ingila, Oliver Heaviside, ya yi rajistar ta a 1880. A 1929 kuma injiniyoyi biyu na kamfanin tarho a Amurka, Lloyd Espenschied da Herman Affel, suka gabatar da tsarin da ya zama tushen irin wadda muke gani yau.

Mai hawa da mai sauka

Mu koma kan rufin Yaya. Tauraron ɗan Adam da ke aiko da tashoshi yana can sama da nisan kusan kilomita 36,000. Kwanon dish yana tattara raunannen saƙon da ya iso, ya cilla shi ga na'urar da ke tsaye a gabansa, wadda ake kira LNB. Saƙon yana zuwa ne da saurin kaɗawa mai yawa, sama da sau biliyan 10 a sakan ɗaya. Irin wannan saƙo ba ya nisa a cikin waya, nan da nan yake mutuwa. Don haka LNB take rage kaɗawar zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150, sannan ta turo shi ƙasa. Megahaz ɗaya shi ne kaɗawa miliyan ɗaya a sakan, irin ma'aunin da kuke ji a lambar tashoshin FM.

To amma wa ke ba LNB wuta, alhali babu soket a kan rufi? Risiba ce, ta cikin wannan wayar dai. Kuma wutar da kanta umarni ce. Tauraron yana aiko da wasu igiyoyin saƙo a tsaye, wasu a kwance, domin a samu wurin tashoshi da yawa. Idan risiba ta aika bolt 13, tana cewa LNB ta kama na tsaye. Idan ta aika bolt 18, tana cewa ta kama na kwance. Akwai kuma wata kaɗawa mai kilohaz 22 da take ɗorawa a kan wutar idan tana son LNB ta koma zangon sama. Duk lokacin da kuka danna rimot kuka canza tasha, wannan hirar ce ke gudana a ɓoye.

Yanzu kun ga abin da ya samu Yaya. Tsatsa ta ƙara wa wayar turjiya, ta cinye wani ɓangare na wutar a hanya. Risiba ta aika 18, LNB ta ɗauka 13 aka ce. Sai ta yi ta kama na tsaye, tashoshin da ke kwance suka ɓace.

Abin da ya sa mai hawa da mai sauka ba sa karo shi ne bambancin kaɗawarsu. Wutar da ke hawa ba ta kaɗawa, umarnin kilohaz 22 yana kaɗawa a hankali, hoton da ke saukowa yana kaɗawa da tsananin sauri. A kowane gefe akwai matata ta lantarki da ke ware nata ta bar saura.

Zamanin da kwamfutoci ke jiran juna

Tura saƙo gaba da baya a waya ɗaya ba abu ne da aka samu a sauƙaƙe ba. Wayar tarho ta farko da ta ratsa ƙarƙashin Tekun Atilantika, mai suna TAT-1, kowaksiyal ce. An buɗe ta a watan Satumba na 1956 tsakanin Sikotilan da Kanada, tana ɗaukar kira 36 a lokaci guda. Sai da aka shimfiɗa wayoyi biyu, ɗaya ta zuwa ɗaya ta dawowa, domin na'urorin ƙara ƙarfin saƙo da aka dasa a jikinsu gefe ɗaya kawai suke turawa.

A 1973, a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a jihar Kaliforniya, Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro tsarin haɗa kwamfutoci da ake kira Ethernet. Waya ɗaya ce ta kowaksiyal take bi ta gefen kowace kwamfuta, kowa ya jingina a kanta. Nau'in mai kauri, 10BASE5, yana kai mita 500. Nau'in siririya, 10BASE2, yana kai mita 185 da kwamfutoci har 30. Dukansu suna tafiyar da bit miliyan 10 a sakan.

Tun da waya ɗaya ce kuma zangon kaɗawa ɗaya ne, kwamfuta ɗaya ce kawai za ta yi magana a lokaci guda, kamar masu riƙe da oba-oba: wannan ya faɗi ya saki, wancan ya amsa. Ƙa'idar da aka sa musu ta yi kama da ladabin zaure. Kafin kwamfuta ta aika, sai ta saurara ta ji ko wata na magana. Idan shiru, sai ta fara, tana kuma sauraren wayar yayin da take aikawa. Idan biyu suka fara tare, saƙonninsu suka haɗu suka dagule, kowace za ta gane an yi karo, ta sanar, ta dakata. Sai kowace ta zaɓi ɗan lokacin jira na kan-mai-uwa-da-wabi, domin kada su sake farawa tare. Idan aka sake karo, lokacin da za a iya jira sai ya ƙaru.

Tsarin yana da wani rauni da ya wahalar da masu kula da ofisoshi. A kowane ƙarshen wayar dole a ɗaura wani ɗan murfi mai turjiyar om 50, wanda aikinsa shi ne ya shanye saƙon da ya iso ƙarshe. Idan murfin ya faɗi, ko wayar ta tsinke a wani wuri, saƙo sai ya dawo baya ya haɗu da kansa, kwamfutoci su ɗauka karo ake yi, dukan ofishin ya tsaya saboda mahaɗi guda a bayan wani tebur. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka koma wa wayar da kuke gani a ɗakin kwamfuta na makaranta, mai siraran wayoyi takwas a murɗe bibbiyu, inda kowace kwamfuta ke da tata.

Kowaksiyal ba ta mutu ba duk da haka. A Amurka da Turai gidaje da yawa suna samun intanet ta wayar talabijin, da wani tsari mai suna DOCSIS da ya fito a 1997. Shi ma raba zangon kaɗawa ya yi. A tsarin farko na Amurka, saƙon da ke fita daga gida yana bi tsakanin megahaz 5 da 42, mai shigowa kuma yana bi daga megahaz 54 zuwa sama. Hanyar shigowa ta fi faɗi, shi ya sa sauke bidiyo ya fi tura shi sauri a irin waɗannan gidaje.

Yadda ake tambayar waya

Gwajin farko na ido ne da hannu. A kashe risiba a zare ta daga soket, sannan a bi wayar tun daga farko. A duba inda ɓera ya ci, inda rana ta fasa roba, inda ƙofa ta datse, inda aka yi haɗi da leda. A kwance kan wayar a duba ko akwai tsatsa ko danshi. A duba kuma ko wani silin raga guda ya taɓa tsinken tsakiya. Sili ɗaya ya isa ya haɗe hanyoyin biyu, wutar da ke hawa ta tsaya a nan.

Gwaji na biyu na maltimita ne, mitar nan da masu gyaran rediyo ke amfani da ita, kuma da yawan makarantu suna da ita a ɗakin gwajin Fiziks. A cire wayar daga dukan ɓangarorinta biyu. A sa mita a ma'aunin turjiya, a ɗora tsinkenta ɗaya a kan jan ƙarfen tsakiya, ɗayan a kan raga. Lafiyayyar waya ba za ta nuna wata haɗuwa ba. Idan mita ta yi ƙara ko ta nuna kusan sifili, tsakiya da raga sun haɗe a wani wuri. Daga nan sai a je ɗaya ƙarshen a haɗa tsakiya da raga da gangan da guntuwar waya, a dawo a sake aunawa. Yanzu ya kamata mita ta nuna 'yar turjiya kaɗan, domin lantarki ya tafi ta tsakiya ya dawo ta raga. Idan ba ta nuna komai ba, wayar ta tsinke. Idan ta nuna turjiya mai yawa, akwai tsatsa ko mahaɗin da bai kama ba. Kada a manta a cire guntuwar wayar kafin a mayar.

Ga wani kuskure da ɗalibai ke yi: su ɗora mita a kan waya mai om 75 suna jiran su ga 75. Ba za su gani ba. Wancan om ɗin halin waya ne ga saƙo mai saurin kaɗawa, ita kuwa maltimita da wutar batir marar kaɗawa take aunawa.

Masu kula da tsohuwar Ethernet suna da wata dabara da za ta yi muku amfani a jarrabawa. Tun da akwai murfi mai om 50 a kowane ƙarshe, kuma su biyun a jere suke tsakanin tsakiya da raga, lissafinsu shi ne 50 sau 50 a raba da 50 a tara da 50, wato 2500 a raba da 100, ya ba da 25. Don haka idan aka auna aka ga kusan om 25, waya lafiya. Idan aka ga kusan 50, murfi ɗaya ya ɓace ko waya ta tsinke. Idan aka ga kusan sifili, ta haɗe. Lamba ɗaya ta faɗi irin matsalar.

Akwai kuma gwajin maganaɗisu. Wasu wayoyin tsinkensu jan ƙarfe ne zalla, wasu kuma baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Idan maganaɗisu ya kama tsinken, nau'i na biyu ne. Yana ɗaukar hoto lafiya, domin saƙo mai saurin kaɗawa a fatar waya yake tafiya, amma ya fi cinye wutar da ke hawa zuwa LNB idan wayar ta yi tsawo.

Amsa-kuwwa mai nuna wuri

Maltimita za ta ce waya ta tsinke, amma ba za ta ce a ina ba. Idan wayar tana cikin bango ko ƙarƙashin ƙasa, fasa ko'ina asara ce. A nan ake amfani da na'urar da injiniyoyi ke kira TDR. Aikinta irin na wanda ya yi kira a bakin rijiya ne yana sauraren amsa-kuwwa: gwargwadon jinkirin amsar, gwargwadon zurfin rijiyar.

Na'urar tana jefa ɗan gajeren bugun lantarki cikin waya, ta ƙirga lokacin da zai ɗauka ya dawo. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a sakan. A cikin RG-58 saƙo yana tafiya da kusan kashi 66 cikin ɗari na wannan saurin, wato kusan mita 200 a maikirosakan ɗaya. Maikirosakan kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan. Idan amsa ta dawo bayan maikirosakan ɗaya, bugun ya yi tafiyar mita 200 zuwa da dawowa, ke nan matsalar tana mita 100 daga inda aka tsaya. A wayar dish mai roba irin ta soso saurin ya haura kashi 80, don haka dole a faɗa wa na'urar irin wayar kafin a fara, in ba haka ba ta nuna wurin da ba shi ba.

Siffar amsar ma tana da labari. Idan waya ta tsinke, bugun yana dawowa a miƙe kamar yadda ya tafi. Idan ta haɗe, yana dawowa a kife. Idan matsewa ce ko danshi, amsar ƙarama ce. Idan waya lafiyayya ce kuma an rufe ƙarshenta da turjiyar da ta dace, babu amsar da za ta dawo. Abin da ya hana tsohuwar Ethernet sakat, wato dawowar saƙo baya, shi ne injiniyoyi suka mayar ma'aunin gano ɓarna.

Gwaji na ƙarshe shi ne na auna yawan ƙarfin da waya ke cinyewa, da ma'aunin desibel. Asarar desibel 3 tana nufin rabin ƙarfin ya tafi. Tsawon waya da yawan haɗi da shigar ruwa duk suna ƙara asarar, kuma tashoshin da ke zangon sama su ke fara jin jiki.

Hattara

Gwajin ido da na maltimita kuna iya yin su a ƙasa, da guntuwar wayar da ba ta haɗe da komai, a gaban malami ko wani babba. Hawa rufi aikin ƙwararru ne. Kada ku taɓa wayar dish ko eriya idan hadari ya taso, saboda tsawa. Kada ku kusanci wayar wuta ta kan titi da tsani ko ƙarfe. Kada ku saka maltimita a soket da sunan gwaji. Kada kuma ku fere wayar gidanku mai aiki, in ba haka ba ni da ku za mu sha faɗa.

Ita dai sabuwar risibar Yaya tana nan cikin kwalinta a ƙarƙashin gado, mai shago ya ƙi karɓa tun da an buɗe. Kan wayar da dattijon nan ya canza kuwa kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba. Tun daga ranar, duk abin da ya samu matsala a rumfar, Yaya yakan fara aika ni in aro mita.

Gwada basirarka

Na ɗaya: an jefa bugu cikin wayar da saƙo ke tafiyar mita 200 a maikirosakan, amsa ta dawo a kife bayan maikirosakan 0.4. Mita nawa ne zuwa wajen matsalar, kuma tsinkewa ce ko haɗewa?

Na biyu: wani ya yi kuskure ya sa murfi mai om 75 a ƙarshe ɗaya na tsohuwar Ethernet, ɗaya ƙarshen kuma yana da na om 50. Om nawa maltimita za ta nuna?

Ku lissafa a littafinku, ku kai wa malamin Fiziks ya duba.